Kwana Ɗari da Ashirin: Ta'aliki a Kan Watannin Tsakiyar Ciki

Duk macen da ta taɓa haihuwa, da duk tsohuwar da ta taɓa rainon mai ciki a ɗakinta, ta san cewa watanni taran nan da Allah ya ɗibar wa ɗan Adam a cikin mahaifa ba halinsu ɗaya ba. Ukun farko na laulayi ne, da tashin zuciya, da kasala, da ƙyamar ƙanshin abincin da a da ake marmarinsa. Ukun ƙarshe na nauyi ne, da haki, da ƙarancin barci, da zullumin ranar naƙuda. A tsakaninsu kuwa akwai waɗansu uku, daga wata na huɗu zuwa ƙarshen na shida, waɗanda likitoci ke lissafawa daga mako na 14 zuwa na 27, inda galibin mata ke samun sarari: amai ya ɗauke, cin abinci ya dawo, ƙarfi ya komo, haɗarin ɓari ya ragu ƙwarai, har mace ta koma ga dakanta da girkinta da sana'arta kamar babu kome. Saboda wannan sauƙi ne mutanen gida suka fi sakin jiki a watannin nan, alhali kuwa idan muka koma ga abin da malamanmu suka karantar da mu, a cikinsu ne al'amari mafi girma a rayuwar ɗan tayi yake aukuwa, kuma a cikinsu ne haƙƙinsa yake ƙara nauyi a wuyan waɗanda suka zama sanadin samuwarsa.

Abin da ido ke gani, da abin da mai ciki ke ji a jikinta, ba ya bukatar dogon sharhi. Mahaifar da take ɓoye a cikin ƙugu takan taso sannu a hankali har ta kai daidai cibiya wajen mako na 20, zane ya fara ƙin ɗauruwa inda ya saba, asirin da ake ta rufewa ya tonu da kansa. Jinin jikin mace yakan ƙaru da abin da ya kusa rabin yadda yake a da kafin cikin ya kai ƙarshe, domin ya ciyar da mutum biyu. Ana iya samun ƙwannafi, da taurin bayan gida, da ciwon baya, da ɗaurewar jijiyar ƙafa cikin dare, da wani baƙin layi da yakan fito daga cibiya zuwa mara, kuma duk waɗannan ba abin tsoro ba ne. Shi kuwa na ciki, a mako na 20 nauyinsa bai wuce gram 300 ba, amma kafin wata na shida ya fita ya doshi kilo ɗaya, gaɓoɓinsa sun daidaita, kunnensa ya fara ɗaukar sauti, yana barci yana farkawa. Sa'an nan sai motsi, wanda mai cikin fari takan fara ji tsakanin mako na 18 da na 20, wadda ta saba kuwa ta kan gane shi tun wajen na 16.

To, ɗalibin da ya karanta Arba'una Hadisi na Imam Nawawi a zauren malaminsa ba zai ji wannan lissafi ba face hadisi na huɗu ya faɗo masa a rai, watau hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka fitar. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, ana tattara halittar mutum a cikin uwarsa kwana arba'in yana ɗigon ruwa, da kwatankwacin haka yana gudan jini, da kwatankwacin haka yana tsoka, sa'an nan a aiko mala'ika ya busa masa rai, a kuma umarce shi ya rubuta abubuwa huɗu: arzikinsa, da ajalinsa, da aikinsa, da makomarsa, ko shaƙiyyi ne ko mai rabo. Daga nan jumhurun malamai suka fahimci cewa busa rai yana kasancewa ne bayan cikar kwana 120. Likitoci kuwa ba daga ranar shigar ciki suke fara ƙidaya ba, daga ranar farko ta hailar ƙarshe suke farawa, wadda ta riga shigar cikin da kamar mako biyu. Don haka idan aka ɗora kwana 14 a kan 120, lissafin zai sauka a mako na 19, tsakiyar lokacin da mai cikin fari ke jin motsin farko.

Wannan dacewa tana da daɗin ji, amma ni a ganina bai kamata mai hankali ya gina imaninsa a kanta ba, ko ya mai da ita makamin musu. Dalili kuwa, na'urar hoton ciki ta nuna cewa zuciyar tayi tana bugawa tun wajen mako na shida, kuma yana motsi tun cikin wata na biyu, uwar ce kawai ba ta ji saboda ƙanƙantarsa. Motsin da mace ta ji a wata na biyar, ashe, ba shi ne na farko ba, na farkon da ya iso ga saninta ne. Magabata ba su jahilci wannan mushkila ba. Ibnul Ƙayyim, a littafinsa Attibyan, ya rarrabe tsakanin motsi iri biyu: na girma da cin abinci, irin wanda tsiro ma yake da shi, wanda yake nan tun kafin busa rai, da kuma motsi na ji da nufi, wanda yake zuwa bayansa. Banda haka akwai hadisin Huzaifa ɗan Asid a Sahihu Muslim wanda ya ambaci zuwan mala'ika bayan dare 42, malamai kuma suka yi ta ƙoƙarin haɗa ruwayoyin biyu, waɗansu suka ce zuwan mala'ikan sau biyu ne, na farko don suranta halitta, na biyu don busa rai, waɗansu 'yan kaɗan suka karkata ga cewa duk matakan uku suna cikin arba'in ɗin farko. Ba mu kaɗai muka yi wannan nazari ba; Arisɗo, masanin falsafar Girka, ya yi zaton namiji yana fara motsi a kwana 40, mace a kwana 90, kuma tsohuwar dokar Ingila ta daɗe tana ɗaukar motsin farko a matsayin iyakar da hukuncin zub da ciki yake tsananta. Kowace al'umma ta nemi sanin sa'ar da wannan halitta take zama mutum, kuma babu wadda ta same ta da ma'auni, domin ruhi ba ya cikin abubuwan da ake aunawa. Suratul Isra'i ta riga ta sanar da mu cewa sha'aninsa na Ubangiji ne, kuma ilmin da aka ba mu ɗan kaɗan ne. Abin da muka sani game da lokacin busa shi, ta hanyar wahayi muka san shi, kuma nan ya kamata mu tsaya.

Abin da ya fi amfani a gare mu shi ne mu dubi yadda shari'a ta ɗauki wannan lokaci da muhimmanci har ta gina hukunce-hukunce a kansa. Takabar da matar mamaci ke yi wata huɗu ne da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, kuma an ruwaito cewa da aka tambayi Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin Madina a zamanin tabi'ai, hikimar ƙarin kwana goman, sai ya danganta su da busa rai. Watau an jinkirta wa mace aure har lokacin da, in akwai ciki, zai bayyana kansa da motsi, don kada nasabar wanda ba ya iya magana ta salwanta.

Haka nan idan ka bi babobin fiƙihu za ka tarar da wannan ɗan tayi, wanda ba a gani ba, ba a raɗa wa suna ba, yana zaune a majalisar alƙali ana kiyaye masa rabonsa. A mazhabar Malikiyya, in mutum ya mutu ya bar mata da ciki, ana dakatar da rabon gado har ta sauka. Wanda ya saki mace mai ciki, ciyarwa tana kansa har ta haihu, da nassin Suratuɗ Ɗalaƙ. Matar nan Bagamidiya da ta zo ta yi iƙirarin laifi a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an mai da ita har ta haihu, har ta yaye, domin laifin uwa ba ya hawa kan ɗa. Wanda ya bugi mai ciki ta yi ɓari, akwai gurra a kansa, watau diyyar ɗan tayi, wadda Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ƙimanta da dinari 50, watau ushirin diyyar uwar. Mai cikin da ta ji tsoron azumi zai cuci abin da ke cikinta an ba ta damar ta sha, ta rama daga baya. Zub da ciki kuwa, malaman mazhabarmu sun hana shi tun daga farkonsa a mashahurin zance, amma bayan busa rai babu saɓani a kan haramcinsa a tsakanin mazhabobi, sai abin da malaman zamani suka keɓe na ceton ran uwa idan likitoci amintattu suka tabbatar babu wata hanya.

Akwai wuri ɗaya da ake yawan yi wa hukunci gurguwar fahimta. A Malikiyya ba a yi wa ɓari salla, ba ya gado, ba a gadonsa, sai in ya faɗo da rai ya yi kuka. Hambaliyya kuwa suna yi wa wanda ya cika wata huɗu wanka da salla, saboda an busa masa rai. Sai waɗansu mutane suka ɗauki hukuncin jana'iza suka mai da shi hukuncin zuciya, har macen da ta rasa ciki wata biyar, bayan ta ji motsinsa, ta saba da shi, a ce mata ai ɓari ne, ta tashi ta kama aikinta. Rashin yin salla mas'ala ce ta fiƙihu mai dalilanta, amma ba ta hana a yi wa uwar jaje, a rarrashe ta, a kai ta asibiti a tabbatar babu abin da ya saura a mahaifa, domin saurar mabiyiya tana jawo zubar jini da ruɓa, kuma tana kisa.

Ƙarshen watannin nan ma yana da nasa matsayi. Ya zo a Muwaɗɗa cewa a zamanin Sayyidina Usman an kawo wata mata da ta haihu wata shida da aure, aka nufi tsai da haddi a kanta, sai Sayyidina Ali ya haɗa ayoyi biyu: ta Suratul Ahƙaf wadda ta sanya ɗaukar ciki da yaye wata 30, da ta Baƙara wadda ta sanya cikakkiyar shayarwa shekara biyu. In an cire 24 daga 30 saura shida, don haka mafi ƙarancin muddar ciki wata shida ne, kuma a kan haka fuƙaha'u suka tafi. Wata shida na ƙamariyya, in an mai da su lissafin likita, suna sauka wajen mako na 27, kuma a daidai nan ne huhun jariri yake fara kai matsayin da, da taimakon asibiti, akan yi fatan ya rayu. A manyan asibitocin Turai da Amurka akan ceci na mako 24, har ƙasa da haka wani lokaci, amma da kayan aikin da mafi yawan garuruwanmu ba su da su. Imam Malik kuwa ya kalli wannan iyaka ta fuskar uwa. A babin wasiyya ya bayyana cewa farkon ciki lokacin bushara ne da farin ciki, ba a lissafa shi cikin cuta, amma idan wata shida suka cika, mai ciki ta shiga hukuncin majinyacin da ake jin tsoron mutuwarsa, ba ta da ikon kyautar da abin da ya wuce sulusin dukiyarta. Malamin da ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira ya san sarai cewa haihuwa tana cin rai, har ya sanya wannan sani cikin doka.

A nan ne tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami take tasowa. In dai a kwana na 120 an riga an rubuta arziki da ajali, me ya rage wa uwa da uba su yi? Ba tambayar wasa ba ce, kuma ba jahilai kaɗai ke yin ta ba. Da yawa daga cikin mazan da ke hana matansu zuwa awo, in ka matsa musu, a nan za su fake, su ce abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, iyayenmu ma a ɗaka suka haife mu. Na'urar hoton ciki, wadda ake so a yi tsakanin mako na 18 da na 22, ta ƙara rikita waɗansu, har suka ɗauka cewa faɗin namiji ne ko mace kutse ne cikin gaibu, tun da Suratu Luƙman ta ambaci sanin abin da ke cikin mahaifa cikin abubuwan da Allah ya keɓanta da su. Amma Ibnu Kasir ya riga ya warware wannan a tafsirinsa, inda ya nuna cewa da zarar an ba mala'iku umarni, su da wanda Allah ya so cikin bayinsa suna iya sani. Na'urar tana ganin ƙashi da tsoka, tana ganin inda mabiyiya ta kwanta, tana gane tagwaye. Abubuwa huɗun da mala'ika ya rubuta kuwa, ba ta taɓa karanto ko harafi ɗaya daga cikinsu ba.

Kuma wannan ɓoyewa ita ce amsar tambayar. Da an nuna wa uba takardar da aka rubuta, da yana da hujjar naɗe hannu. Amma an rufe masa ita, aka bar shi da umarni. Sahabbai da kansu sun yi wannan tambaya a maƙabartar Baƙi'a, suka ce ko su dogara ga abin da aka rubuta su bar aiki, aka umarce su da su yi aiki, domin kowa ana sauƙaƙe masa hanyar abin da aka halicce shi dominsa. Sayyidina Umar, da ya isa Sarga a kan hanyar Sham ya ji labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa masa da cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wanda ya rubuta ajali shi ne ya rubuta sababinsa, wanda ya rubuta arzikin tayi shi ne ya sanya hanyar arzikin ta bi ta cibiya, daga jinin uwa, daga abin da ta ci, daga abin da mai gida ya kawo cefane. Mutumin da ke kafa hujja da ƙaddara a kan cikin matarsa ba ya kafa ta a kan gonarsa. Yana shuka, yana noma, yana neman taki ko da bashi ne, kuma bai taɓa ganin haka ya saɓa wa tawakkali ba.

Sabubban kuwa sanannu ne, kuma mafi yawansu a watannin nan na tsakiya ake kama su. Zazzaɓin cizon sauro yana laɓewa a mabiyiya, ya shanye jinin uwa, ya ƙuntata wa ɗa abinci, ko da mace ba ta ji zafin jiki ba. Saboda haka ake ba da ƙwayar Fansida daga shigar wata na huɗu, da tazarar wata guda tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku, tare da kwana cikin gidan sauro. Ƙarancin jini ana yaƙarsa da ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo, da hanta, da wake, da zogale, da alayyafo. Zancen da ake yi cewa ƙwayoyin nan suna ƙatanta ɗa har haihuwa ta gagara ba shi da tushe, kuma kwaɗayin farar ƙasa da waɗansu masu ciki ke yi sau da yawa alama ce ta wannan ƙarancin. Hawan jinin ciki, wanda yake kai wa ga jijjiga, daga mako na 20 yake fara bayyana, kuma ba ya sallama. Awon hawan jini da gwajin fitsari ne ke tona shi. Ga kuma allurar rigakafin cutar sarƙewar haƙora, wadda ke kare uwa da jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2016, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, biyu daga ciki a mako na 20 da na 26. Ba kuwa sai mun je nesa neman shaida ba: Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya tsakanin 1976 da 1979, ya buga sakamakon a 1985, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne mafi yawan matan da suka rasu waɗanda ba su yi awo ba ne, aka kawo su bayan al'amari ya ɓaci. Shekaru da yawa bayan haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa a Nijeriya mata 512 ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000.

Kunya ado ce, kuma ba ni da niyyar rage mata daraja; yarinya mai cikin fari da ke sunkuyar da kai in an ambaci cikinta a gaban surukai tarbiyya ce ta nuna. Amma kunyar da za ta sa ta ɓoye ciwon kai da kumburin fuska har sai an tafi da ita goyon ciki a wata na bakwai, wannan ta fita daga abin da shari'a ta yaba, kuma laifin ba nata ba ne, na waɗanda ba su buɗe mata ƙofar magana ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Nurul Albab, ya yi kakkausan zargi ga malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai a kan magani. Ba daga gidan nan aka gaji ƙin neman lafiya ba.

Saboda haka ina kira ga magidanta, da limamai masu huɗuba, da iyaye mata da ke riƙe da 'yan cikin fari, da su ɗauki wata na huɗu a matsayin lokacin da jinkiri ya ƙare. Wadda ba ta fara awo ba, a kai ta, mijin ya biya kuɗin mota, ya tambayi abin da aka ce, ya tabbatar ana shan magani. A yi addu'a, a yi sadaka, a roƙa wa na ciki shiriya da albarka, sa'an nan a sanar da kowa a gidan cewa zubar jini, ko fashewar ruwa kafin lokaci, ko zazzaɓi, ko matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ɗaukewar motsi bayan an saba jinsa, ba abubuwan da ake jira gari ya waye a kansu ba ne. In mai gida ba ya nan, ya bar izini da kuɗi a hannun wanda zai kai ta.